Shehu Sa'idu ɗan Hayatu: shekara 36 a tsare ba tare da ya zare takobi ba



'Yan uwa, yau tarihi za mu taɓa. Tarihin wani bawan Allah ne da Turawan mulkin mallaka suka tsare daga 1923 har 1959, alhali bai harbi kowa ba, bai kai wa barikin kowa hari ba. Sunansa Shehu Sa'idu ɗan Hayatu. Mutanen Kano da Fika da Adamawa sun san shi sarai. Mu nan ƙasar Zazzau kuwa, daga nan Taba ka zaga Ikara da Makarfi da Kudan, da wuya ka samu matashin da ya taɓa jin sunan.

Bari in ajiye matsayata a fili tun da wuri, don kada wani ya karanta rabi ya ruga ya ce liman ya koma Mahadiyya. Shehu Sa'idu ya rayu a kan cewa Muhammad Ahmad na Sudan shi ne Mahadin da ake jira. Ni ban yarda da wannan ba. Alamomin da suka tabbata a hadisai ba su cika a kansa ba, ya rasu a 1885 duniya ba ta cika da adalci ba, daular da ya kafa kuma ta rushe shekara 13 bayansa. Wannan na karanta wurin malamaina, kuma a kansa nake. Amma tambayar da ke gabanmu daban ce. Mutumin da kake ganin ya yi kuskure a fahimta, ya halatta a tsare shi shekara 36 saboda abin da ake tsoron zai iya aikatawa?

Nasabarsa ba ɓoyayya ba ce. Sa'idu ɗan Hayatu, ɗan Sa'idu, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi musu rahama baki ɗaya. Wato gidan jihadi ne tsantsa, gidan da littafi ya riga sarauta shiga. Kuma maganar Mahadi ba baƙuwa ba ce a wannan gida. A zamanin Shehu kansa akwai waɗanda suka so su ce shi ne Mahadi, ya tashi ya kore wannan da bakinsa da alƙalaminsa. Amma jiran bayyanarsa daga gabas ya zauna a zukatan jama'a, kowane ƙarni in ya zo ƙarewa sai zancen ya sake tashi.

Mahaifinsa Hayatu ya bar Sakkwato wajen 1878 ya nufi Adamawa, daga baya ya kafa zama a Balda, wadda yau take arewacin Kamaru. Ana cikin haka, a 1881, Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a tsibirin Aba da ke kan kogin Nilu. Labari ya biyo hanyar alhazai ya iso yamma. Hayatu ya yi mubaya'a ta hanyar wasiƙa, aka naɗa shi wakili a kan ƙasashen yamma. Sakkwato ba ta karɓa ba, Yola ma ba ta karɓa ba, har aka gwabza tsakaninsa da Lamiɗo Zubairu. A wannan gari na Balda aka haifi Sa'idu, wajen 1887.

Yarintarsa ba ta wasa ba ce. Hayatu ya haɗa kai da Rabe, suka ci Borno a 1893, har ya auri 'yar Rabe mai suna Hauwa. Amma tafiyar ba ta yi daɗi ba, domin Hayatu malami ne mai neman da'awa, Rabe kuwa soja ne mai neman mulki. A 1898 Hayatu ya yi yunƙurin ficewa daga Dikwa, rundunar Fadlallah ɗan Rabe ta tare shi, aka kashe shi. Sa'idu yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka. A wannan shekarar dai Ingila ta murƙushe daular Mahadiyya a yaƙin Karari kusa da Umdurman. A 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri, a 1901 suka kashe Fadlallah a Gujba. Kafin yaron ya kai shekara 15, duk wani mai takobi da ya sani a duniya ya kwanta dama. Ku riƙe wannan, domin wanda ya ga ƙarshen masu bindiga da idonsa yana yaro, ya fi kowa sanin abin da mashi zai iya da abin da ba zai iya ba a gaban igwa.

Yanzu mu juya wajen Turawa, don ba za a fahimci abin da suka yi masa ba sai an san abin da ke cin zuciyarsu.

A watan Yuli 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane a kan hanyarsu ta hijira zuwa gabas. Turawa ma sun rasa babban hafsansu, Manjo Marsh. Burmi kuwa tun kafin nan gari ne na masu ra'ayin Mahadiyya, mutanen Malam Jibrilla Gaini. Sai kuma Satiru, a watan Fabrairu 1906. Talakawa da bayi da suka gudo, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20 a kusa da Sakkwato. Wata guda bai cika ba aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane wajen 2,000. Daga ranar, kalmar Mahadi ta zama wa Bature abin da baƙin tsumma yake ga wanda maciji ya sara. Duk malamin da ya tara jama'a a wajen idon sarki, duk mai yawon wa'azi da ba a san inda ya fito ba, sunansa ya shiga takardar Razdan.

A kan wannan tsoro aka gina dokoki. Tun 1904 Lugga ya kafa kundin manyan laifuffuka a Arewa, wanda aka kwaikwayo daga na wata jiha a Ostareliya, a 1916 kuma aka shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka. A Legas, a 1909, an yi doka ta musamman a kan laifin tunzura jama'a, bayan 'yan boko irin su Herbert Macaulay sun addabi Gwamna Egerton da rubuce-rubuce. Ita ma ba sabuwa ba ce, daga Indiya aka ɗauko samfurinta. Abin da waɗannan dokoki suka tsaya a kai, a taƙaice, shi ne: duk wanda ya furta magana, ko ya rubuta, ko ya buga, ko ya raba takarda da niyyar sa mutane su ƙi Sarkin Ingila da gwamnatinsa, ko su raina su, ko ya tayar da rashin gamsuwa a zukatan talakawa, ya yi laifi. A yadda dokar ta zauna daga baya, hukuncin karon farko ɗaurin shekara 2 ne ko tarar fam 100.

Ku dubi lafazin da kyau, jama'a. Rashin gamsuwa. Mutum ya zo daga ƙetaren teku ya ci ƙasarka da bindiga, ya ɗora maka haraji da jangali, ya kwashi mutanenka aikin diga, sannan ya rubuta cewa in ka sa ɗan uwanka ya ji bai gamsu ba ka yi laifi. Kakanninmu na wannan yanki sun san aikin diga, layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta ƙasarmu ya ratsa daga Zariya. Wane wa'azi ake buƙata kafin wanda ya bar gonarsa ya ɗauki diga ya ji bai gamsu ba? Kuma ba sharaɗi ba ne a ce ka kira mutane su ɗauki makami. An gwada wannan a shari'ar Wallace-Johnson da aka fara a ƙasar Gana a 1936, ta je har kotun ƙoli ta daular a Landan, aka ce ba sai an tabbatar da kiran tashin hankali ba, lafazin kawai ya isa.

To amma a Arewa, Bature bai cika buƙatar wannan sashe ba ma. Yana da hanyoyi da suka fi sauƙi. Kotun lardi, Razdan ne alƙalinta, kuma an hana lauya shiga. Sarakuna an rantsar da su a kan biyayya, an ɗora musu nauyin sa ido a kan baƙin malamai, wanda ya yi sakaci rawaninsa na cikin haɗari. Sannan ga makami mafi kaifi: a ɗauke mutum daga ƙasarsa da umarnin Gwamna a kai shi inda ba shi da kowa. Mu Zazzagawa mun ɗanɗana. Sarkin Zazzau Kwasau a Lakwaja ya ƙare. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, malami mawallafi, shi ma an tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, a can ya rasu a 1924. Sarkin Kano Alu haka, Sarkin Katsina Yero haka. In masu rawani da dogarai ba su tsira ba, ina ga malamin ƙauye?

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shehu Sa'idu ya kafa zama a Dumbulwa, cikin ƙasar Fika, wadda yau take jihar Yobe. Mutum ne mai shekara 30 da 'yan kai, jinin Shehu, ɗan Hayatu. Wannan suna kaɗai ya isa ya jawo jama'a. Tsofaffin mabiyan mahaifinsa suka taho, waɗanda Burmi ta watsa suka taho, masu neman karatu da masu neman albarka suka taho. Cikin 'yan shekaru ƙauye ya zama gari. Ana noma, ana karatu, ana wuridi. Wannan shi ne abin da ido ya gani.

Abin da Razdan ya gani daban ne. Razdan na Borno a lokacin shi ne H. R. Palmer, Bature mai son binciken tarihi, wanda ya yi imani cewa akwai wata igiya ɓoyayya da ta taso daga Masar da Sudan da Hijaz ta biyo hanyar alhazai har cikin Arewa. Kuma zamanin ya taimaka wa zarginsa. A 1916 zuwa 1917 Kawusan ya yi wa Faransawa tawaye a Agadas. A 1919 Masar ta tashi. A 1921 wani mai da'awa ya kai hari Niyala a Darfur, aka kashe jami'an gwamnati. Turkiyya na rikici a kan makomar halifanci. Duk wanda ke zaune a ofis yana karanta waɗannan rahotanni, in aka ce masa ga ɗan Hayatu can ya tara mutane a daji, ba zai ga makaranta ba, Satiru zai gani.

A 1923 aka kama Shehu Sa'idu bisa zargin yana shirya tawaye, aka watsa jama'ar Dumbulwa. Ba a yi yaƙi ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a wurina. Garin da aka ce ya shirya jihadi, aka zo aka ɗauke shugabansa, amma ba a samu wata Satiru ba, ba a samu wata Burmi ba. Shekaru da yawa bayan haka, a 1976, wani masanin tarihi ɗan Nijeriya mai suna C. N. Ubah ya yi nazarin abin da ya faru, ya kira shi wuce gona da iri na 'yan mulkin mallaka. Ba Bamahade ba ne, ba ɗan gidan ba ne, takardu ya bi.

Daga nan aka kai shi Buea, can kudancin Kamaru, a gindin babban dutsen nan da ke kusa da teku. Garin ya taɓa zama hedikwatar Jamusawa, bayan yaƙi ya faɗo hannun Ingila. Wuri ne mai sanyi da hazo da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, mutanensa ba harshensu ɗaya da shi ba, ba addininsu ɗaya ba, ba abincinsu ɗaya ba. Ba a zaɓi wurin da ka ba. Malami jarinsa masu saurare ne, sai aka kai shi inda in ya yi magana babu mai ji. Ya zauna a can fiye da shekara 20.

Allah sarki. Ku yi lissafi da ni. Da a ce an gurfanar da shi a kan tunzura jama'a, aka kawo shaidu, aka same shi da laifi dumu-dumu, da shekaru ƙalilan zai yi ya fito. Gandi na Indiya, a 1922, shekara guda kafin kamun Dumbulwa, an yi masa shari'a a bainar jama'a a kan wannan laifi, ya amsa da bakinsa, aka yanke masa shekara 6, ya fito a 1924. Eleko na Legas, Eshugbayi, an kore shi zuwa Oyo a 1925, amma yana da lauyoyi da jaridu, aka kai ƙara har Landan, ya dawo gida a 1931. Shi kuwa Shehu Sa'idu abin da aka ɗora masa ba shi da wa'adi. Wanda aka yanke wa hukunci yana ƙirga kwanaki. Wanda aka tsare don tsoro ba shi da abin ƙirgawa, sai ranar da mai tsoron ya daina jin tsoro. Duk lokacin da na zo nan sai in tuna Suratu Yusuf, inda Allah ya ba mu labarin waɗanda suka ga alamomin kuɓutar Annabi Yusuf ƙarara, amma duk da haka suka ga ya fi musu su ɗaure shi zuwa wani lokaci da ba su ambata ba.

Ga kuma wani abin da ya fi ba ni mamaki. A daidai waɗannan shekaru, ɗan Mahadin kansa na cikinsa, Sayyid Abdurrahman, yana zaune a Sudan ƙarƙashin wannan Ingila ɗin dai. Kusan sa'an Shehu Sa'idu ne, a 1885 aka haife shi. Da farko an takura masa, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Ingila ta ga tana buƙatarsa don ya kare ta daga kiran Turkiyya, sai ta sassauta. A 1919 yana cikin tawagar da ta je Landan gaishe da Sarki Joji na biyar. Ya zama babban manomin auduga a tsibirin Aba, a 1926 aka ba shi lambar girma ta Ingila. Kun gani? Ɗan mai da'awar yana karɓar lambar girma a Khartum, mabiyin da'awar yana jin sanyi a Buea. Ashe ba aƙidar ce ta dame su ba. Bature bai damu da ko hadisin Mahadi ya inganta ko bai inganta ba. Abin da yake tambaya ɗaya ne: wannan taron, a hannuna yake ko ba a hannuna ba?

Ba su tsaya nan ba. Sun tura jami'insu G. J. Lethem ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda da Masar yana bincike, a 1927 aka buga rahoton da shi da Tomlinson suka haɗa a kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci a Nijeriya. Palmer kuwa ya samu ƙarin girma, ya zama Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930. Wanda ya yi zargi ya hau, wanda aka zarga yana inda aka ajiye shi.

A nan nake so ɗalibai su tsaya, domin fiƙihunmu yana da babi a kan wannan mas'ala, babin bugatu, wato masu fita daga ɗa'ar shugaba da tawili. Asalin babin kuwa mu'amalar Sayyidina Aliyu ce da Khawarijawa. Waɗannan mutane sun kafirta shi, suna katse masa huɗuba a masallacin Kufa. Akwai rashin gamsuwa da ya wuce wannan? Amma ya tabbatar musu da haƙƙoƙi uku: ba zai hana su masallaci ba, ba zai hana su rabonsu na baitulmali ba muddin suna tare da jama'a, kuma ba zai fara yaƙarsu ba sai sun fara. Ya tura musu Ibn Abbas ya yi munazara da su, da yawa suka dawo. Bai zare musu takobi a Naharawan ba sai da suka zubar da jinin Abdullahi ɗan Khabbab. Halifa ne na gaskiya, wanda aka yi wa mubaya'a, amma ya jira aiki, bai hukunta zato ba. Su kuwa waɗanda suka zo da bindiga, ba mubaya'ar kowa a wuyansu, suka mai da abin da ke cikin zuciya laifi.

Na san wani ɗalibi zai ce, ai Sayyidina Umar ya fitar da Nasru ɗan Hajjaju daga Madina zuwa Basra ba tare da ya yi laifi ba, don maslaha. Haka ne, malamai sun kawo ƙissar, kuma sun kafa hujja da ita a babin ta'aziri. Amma Basra garin Musulmi ne, ya tafi a matsayin ɗa mai 'yanci, yana shiga kasuwa yana shiga masallaci. Kuma korar da shari'a ta ambata a haddin wanda bai taɓa aure ba, shekara guda ce, an san farkonta an san ƙarshenta. A ɗauki wannan a auna da shekara 36, wallahi ƙiyasi ne da bambanci.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka dawo da shi Kano, amma ba a sake shi ba, ɗaurin talala aka ci gaba da yi masa. Ya tafi yana saurayin malami, ya dawo da furfura. Kuma ya tarar da wata irin Arewa. Yanzu masu tayar wa Bature da hankali ba masu jiran Mahadi ba ne, 'yan boko ne da 'yan kasuwa da teloli. Raji Abdallah, wanda ya yi aikin gidan waya a Kano, an ɗaure shi shekara 2 a kan laifin tunzura jama'a saboda jawabin da ya yi a Legas a 1948. A watan Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. Daga nan kotunan En'e suka cika da talakawan da aka kama kan taro ba izini ko kan zagin sarki, wasu a yi musu bulala, wasu a ɗaure. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga gidan yari a kan haka. Dattawanmu na wannan yanki da suka ga zamanin suna da labarai, ku zauna da su kafin su ƙare. Makamin da aka ƙera don malamin Dumbulwa da irinsa, shi ne aka juya kan mai shayi da mai ɗinki, sai dai yanzu hannun da ke riƙe da shi sau da yawa namu ne.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakaninmu masu wa'azi. Da zarar malamin wani ɓangare ya faɗi abin da ba mu so, sai ka ji ana kiran hukuma ta kama shi, ta rufe masallacinsa, ta hana shi magana. Ban ce babu magana mai haɗari ba. Mun ga Maitatsine a Kano a 1980, mun ga abin da ya faro daga Maiduguri, har yau muna binne mutane. Wanda ya kira jama'a zuwa zubar da jini, ko ya tara makami, hukuma ta kama shi, ta kai shi gaban alƙali, ta kawo hujja, a yanke masa abin da ya dace. Wannan wajibinta ne. Amma a ce a tsare mutum don ba mu son fahimtarsa, ko don jama'arsa sun yi yawa, wannan sunnar Palmer ce, ba ta Sayyidina Aliyu ba. A nan jihar Kaduna muna da dokar wa'azi tun 1984, aka sake tayar da zancenta a 2016, kowa ya ga yadda Musulmi da Kirista suka yi ta muhawara a kan lasisin mai wa'azi. Duk mai hawa mumbari ya kamata ya karanta irin waɗannan dokoki da idon wanda wata rana za a iya karanta masa su, ba da idon wanda yake fatan a karanta wa abokin hamayyarsa ba. Allah ya hore mu a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya ɗauke mu mu bar adalci, kuma bai ware waɗanda muke ganin sun yi bidi'a ba.

Dokar kanta ba ta tafi da masu ita ba. A 1961, bayan 'yancin kai, an hukunta Dakta Chike Obi da ita saboda wata 'yar takarda da ya raba. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara a Inugu, a shari'ar Arthur Nwankwo, ta ce dokar ta saɓa wa 'yancin magana da tsarin mulki ya bayar. Kundin Penal Code da aka kawo mana Arewa a 1960, wanda aka ɗauko samfurinsa daga Sudan, ita kuma daga Indiya, shi ma ya zo da sashensa na cusa ƙin gwamnati. Ingila kuwa, uwar dokar, ta soke laifin a ƙasarta a 2009.

A 1959 aka ɗage wa Shehu Sa'idu takunkumi. A shekarar ce Arewa ta samu mulkin kanta, kuma Firimiyan da ke kan kujera, Sardauna Ahmadu Bello, shi ma tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, daidai da shi a tsani: ɗaya ta wajen Abubakar Atiku na Raba, ɗaya ta wajen Sa'idu. Gida ɗaya, ɗaya ya shiga makarantar Turawa a Katsina ya fito ya karɓi mulki daga hannunsu, ɗaya ya shekara 36 a hannunsu. A wannan shekarar dai Sayyid Abdurrahman ya rasu a Sudan, bayan ya ga ƙasarsa ta samu 'yanci a 1956.

An kama shi yana da kimanin shekara 36, an sake shi yana da kimanin 72. Bai koma Dumbulwa ya sake kafa gari ba, a Kano ya ci gaba da zama, mabiyansa na zuwa wurinsa. Allah ya ƙara masa shekara 19 bayan sakinsa, ya ga saukar tutar Ingila a 1960, ya ga juyin mulkin 1966, ya ga yaƙin basasa ya zo ya wuce, kuma a duk tsawon wannan lokaci tawayen da aka tsare shi dominsa bai zo ba. Ya rasu a Kano a 1978, yana da shekara 90 da ɗoriya.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sanya abin da ya sha ya zama kaffara, mu kuma ya gafarta mana namu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.